Jinjina Ga Barden Ƙarfe, Garkuwar Dogon Dawa

Butulci ciwo ne, kuma da alama ya yi wa mutanen ƙasar Birnin Gwari mugun kamu. Allah ya ba su majiɓinci irin wanda sarakunan dauri ba su taɓa mafarkin mallaka ba, basamuden ƙarfe mai kai a cikin gajimare, mai numfashi da hayaƙin jirgi, mai ci da dala yana korawa da naira, amma har yau ba a ji maroƙi ɗaya ya wasa shi ba. Ba a kaɗa masa kotso a Dogon Dawa ba, ba a busa masa kakaki a Kuyello ba, matan Damari ba su rangaɗa masa guɗa ba. In ka tambaye su dalili sai su ce wai ba su taɓa ganinsa a lokacin da suke nemansa ba. Ji wata magana! Yaushe talaka ya fara ganin manya a lokacin da shi yake so? Tun da masu bakin yabo sun yi gum, bari mu masu alƙalami mu sauke musu wannan farali.

Allah ya ja zamanin Barden Ƙarfe! Ingarman da ya fi ƙarfin sirdi, toron giwa mai ƙailula a inuwar bariki, gagara-badau mai razana baitulmali, na sahun gaba a fareti, na sahun gaba a ta'aziyya, sha-fenti, sha-mai, sha-tafi, mai isowa daidai lokacin da liman ya shafa fatiha!

Sai mai karatu ya san asalin irin wannan halitta kafin ya gane girman baiwar da aka yi mana. Duk wanda ya tashi a gidan da ke da talabijin a shekarun 1980 da 1990, ko ya leƙa ta tagar maƙwabta, ya san Voltron, saƙagon nan na zanen Japanawa da Amurkawa suka sake wa suna a 1984, tashar NTA kuma ta riƙa nuna wa yaranmu. Zakuna biyar ne na ƙarfe, baƙi da ja da kore da shuɗi da rawaya, kowanne da matuƙinsa. Idan dodo ya sauko sai su haɗe su zama ƙato guda: baƙin ya zama kai da ƙirji, biyu su zama hannuwa, biyu ƙafafu, sannan a zaro takobin wuta. Abin da yaro ba ya lura da shi sai ya girma, shi ne ladabin wannan sadauki. Bai taɓa haɗuwa tun dodo yana bayan gari ba. Sai an rushe ganuwa, an ƙone unguwa, mata sun ɗora hannu a ka, sannan ake kaɗa masa taken haɗuwa, gaɓa bayan gaɓa, ba gaggawa ba garaje. Yaran da suka kalli wannan su ne manyan ƙasa a yau, kuma alhamdu lillahi ba su yi kallon banza ba.

Su Japanawa, da yake mutane ne masu gajeren buri, a wasan yara suka tsaya. Suna da wani saƙagon yaƙin mai suna Gundam, wanda ya fara fitowa a talabijin ɗinsu a 1979, tsayinsa mita 18 a cikin labarin. A ƙarshen 2020 suka ƙera shi da ƙarfe na gaske a bakin teku a birnin Yokohama, yana ɗaga ƙafa, yana durƙusawa, yana nuna sama da yatsa, jama'a na yankar tikiti suna kallo, har suka rufe wurin a watan Maris na 2024. Mita 18 kacal! Kuma don tsabar rashin wayo, wanda ya ga dama ne kaɗai yake biya. Namu kuwa kowa na biya: wanda ya gani, da wanda ya ji labari, da wanda ke ɗaure a gindin bishiya yana jiran 'yan'uwansa su sayar da gona.

A dubi ƙirar wannan bawan Allah. Kansa yana Abuja, inda ake tunani da taron manema labarai. Ƙirjinsa yana Kaduna, kuma wane irin ƙirji! Runduna ta Ɗaya ta sojan ƙasa tana nan, makarantar horar da hafsoshi ta NDA tana nan, sansanin mayaƙan sama yana Mando, masana'antar makamai ta DICON tana Kakuri tun 1964, Jaji na gefe da kwalejin manyan hafsoshi, makarantar igwa tana Kachiya, Zariya kuma tana yaye kurata shekara bayan shekara. Da wuya a sami jihar da aka jibge wa ƙarfe da kaki kamar wannan. Fukafukansa suna Kainji. Hannunsa na dama yana cikin baitulmali, na hagu yana riƙe da lasifika. Ƙafafunsa kuwa suna nan tafe. Daga Kaduna zuwa Birnin Gwari kilomita ɗari ne da 'yan kai, daga nan a miƙi hanyar Funtuwa a kai Dogon Dawa, kuma duk mai hankali ya san ƙato irin wannan ba ya taka ƙasa sai ya duba. Sannu ba ta hana zuwa.

Zakunan Voltron 'yan gida ɗaya ne. Namu duniya ce ta yi masa karo-karo, kowa da farashinsa: jiragen Super Tucano ƙirar Brazil da aka harhaɗa a Amurka, JF-17 daga Pakistan, tankokin VT-4 daga Sin, jirage marasa matuƙa daga Sin da Turkiyya, masu saukar ungulu daga Rasha da Italiya da Turkiyya. Kowace gaɓa da yaren da take ji, da makanikin da ya san kanta, da ƙasar da ake jiran kayan gyaranta. Abokin gabarsa kuwa, abin tausayi, yaro ne mai rawani da silifa, su uku a kan babur ɗaya, da AK-47 a rataye da jarkar mai a ɗaure. Wane barde mai mutunci ne zai zubar da girmansa ya bi irin wannan cikin ƙaya da kwazazzabai? Ai sai duniya ta yi mana dariya.

Ana gane babban sarki da yawan laƙabi, kuma a nan Barde ya kere sa'a. Shi ne Sharan Daji. Shi ne Harbin Kunama, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa kakin soja da kansa ya je yankin Ɗansadau ya ƙaddamar a watan Yulin 2016. Shi ne Ƙaramin Goro, shi ne Idon Raini, shi ne Dirar Mikiya, shi ne Hadarin Daji. Da Hausa ta gaza ɗaukar nauyin girmansa sai aka ranto daga Turanci: Whirl Punch, Thunder Strike, Puff Adder, Forest Sanity. Daga baya ya dawo gida ya zama Fansan Yamma. Kowane suna da ranar raɗinsa, da rumfarsa, da manyan baƙinsa, da kasonsa. Dazukan Kamuku da Kuyambana da Kuduru sun sha shara har ba adadi, kuma don tsabar albarkar hannun mai sharar, bayan kowace shara sai dajin ya ƙara cika, domin kada gwani ya rasa abin yi baɗi.

Babbar baiwarsa ita ce sanin lokaci. Ranar 5 ga Mayu, 2018, 'yan bindiga suka afka wa Gwaska, suka kashe mutane fiye da 40, suka cinna wa gidaje wuta. Ba a rufa mako biyu ba Barde ya motsa. Aka buɗe sansani a Kamfanin Doka, hafsan sojan ƙasa na lokacin, Laftanar Janar Tukur Buratai, ya zo da kansa ya ba dakaru mako 3 su gama da ɓarayin daji. Mako 3! Masu gajeriyar fahimta suka ɗauka irin makon nan ne na talakawa mai kwana 7, har wasu suka fara gyara garmunansu. Ba su san makon manya daban yake ba. Shekara 6 da rabi bayan wannan wa'adi aka shimfiɗa tabarma aka zauna da waɗanda aka ba wa'adin, su ma kuma ba su yi fushi da jinkirin ba.

Duk mutumin Dogon Dawa, ko Tabanni, ko Kutemeshi, ko Randagi, zai iya karanta maka tsarin aikin da ka, domin ba ya canzawa. Mahara su iso, su kora shanu, su ɗebi buhunan masara, su zaɓi waɗanda za su tafi da su, su tafi. Gari ya waye, a nemo likkafani, a haƙa kaburbura. Sai can a hango ƙura daga kan titi, jiniya na kuka, motoci a jere gwanin sha'awa. A sauko, a zagaya, a ƙirga, a ɗauki hoto, a fitar da sanarwa cewa an shawo kan lamarin kuma jama'a su ci gaba da harkokinsu. Hausawa kan ambaci ihu bayan hari kamar wani abin aibu ne. Ai ihun da aka yi bayan hari shi ne mai tsari: an san adadi, an san sunaye, ba a katse wa kowa aikinsa ba, ba a kuma sa dukiyar gwamnati cikin hatsari ba.

Dukiyar nan kuwa ba ta wasa ba ce. A watan Afrilun 2018 aka sanar da majalisa cewa an riga an ciri dala miliyan 496 daga asusun rarar kuɗin mai an biya Amurka kuɗin Super Tucano guda 12, ba a jira amincewarta ba saboda abin na gaggawa ne. Da yake na gaggawa ne, shida na farko suka sauka a Kano ranar 22 ga Yuli, 2021. Kwana 4 kafin nan ɓarayin daji sun harbo jirgin yaƙi samfurin Alpha Jet a sararin Zamfara, matuƙinsa Abayomi Dairo ya diro da lema, ya ratsa daji da ƙafa ya tsira. Da wani barde ne mai zafin kai, da sai ya ce yau ba gobe ba. Namu ya san doka. Aka yi ta yi wa jama'a bayani cewa irin waɗannan jirage masu daraja ba a tayar da su a kan ɗan fashi, sai a kan ɗan ta'adda, saboda haka sai an fara tantance ko mai yanka manomi a kan kunyarsa ya kai wannan matsayi. Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta yanke cewa ya kai, a watan Nuwamban 2021, aka buga a jaridar gwamnati a Janairun 2022. Ashe duk shekarun nan da ake binne mutane a Birnin Gwari, takarda ake jira. Wace ƙasa ce a duniya take girmama takarda haka? Uwargida mai hankali ba ta zuba miyar kuka a tangaran ɗin jere. Na kabad ne, a goge shi ranar Juma'a, baƙi su gani su san gidan ba na matsiyata ba ne.

Ko 'yan hassada ba su ce ba ya aman wuta ba. Yana yi, kuma duk sanarwar da ta biyo baya takan ce an hallaka 'yan bindiga da dama, sauran sun tsere da raunuka. Da za a tara waɗannan da daman wuri ɗaya, da dajin Kamuku ya koma wa giwayensa tuntuni. Akwai ma ƙasurguman da aka yi wa alfarmar mutuwa fiye da sau ɗaya. Dogo Giɗe kaɗai an sha baza labarin rasuwarsa, yana tashi yana ci gaba da harkokinsa kamar yadda sanarwa ta umarci jama'a su yi.

Sai karamci. Ranka ya daɗe, a nan ka kunyata Larabawan dauri. Daren 11 ga Maris, 2021, baƙi suka shiga kwalejin gandun daji ta Afaka, maƙwabciyar NDA, suka tafi da ɗalibai 39. Barde bai ɗaga murya ba, domin ba a yi wa baƙon maƙwabci tsawa. Da baƙin suka ga haka, ranar 24 ga Agusta na wannan shekara sai suka shigo cikin gidan da kansa, cikin NDA, suka kashe hafsoshi 2, suka tafi da wani manjo. Ranar 26 ga Maris, 2022, suka leƙa filin jirgin saman Kaduna. Bayan kwana biyu suka tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna, suka kashe, suka kwasa, fasinjojin ƙarshe ba su ga gida ba sai a watan Oktoba. To mutanen Dogon Dawa masu ƙorafin cewa bai tsare musu ƙofar gari ba, ina ma su dubi wannan adalci! Ko ƙofar ɗakinsa bai tsare ba, don kada a ce ya fifita kansa a kan talakawansa.

Idanunsa kuwa sai dai a ce tubarkalla. A Kaduna aka ƙaddamar da Gulma, jirgi maras matuƙi ƙirar gida, a watan Disambar 2013, Shugaba Goodluck Jonathan na tsaye. A Kaduna aka sake ƙaddamar da ƙaninsa Tsaigumi a Fabrairun 2018, Shugaba Buhari na tsaye. Aka ƙaro na Sin, aka ƙaro na Turkiyya, masu hangen ƙasa daga inda mikiya ba ta kaiwa. Amma ido ne mai tarbiyya, ba ya kallon abin da bai shafe shi ba. Ayarin babura ya keta fili da rana tsaka, ya kau da kai. Garken shanun sata ya tayar da ƙurar da ake gani daga gari na uku, ya sunkuyar da kai. Ranar 7 ga Maris, 2024, aka kora yaran makarantar Kuriga, a kan hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari, da sanyin safiya, aka ratsa daji da su a ƙafa. Da fari aka ce su 287 ne. Bayan kwana 17 aka dawo da 137 daga Zamfara, aka ce dama iyakarsu ke nan. Yara sun taka daga wata jiha zuwa wata a ƙarƙashin idon Barde, bai tsorata su da ko ƙyaftawa ɗaya ba. Wannan ita ce kunya irin ta 'ya'yan manyan gida.

Kada kuma wani ya ce idon ba ya gani. Daren 3 ga Disamba, 2023, ya hango taro a Tudun Biri, cikin ƙaramar hukumar Igabi. Maza ne da mata da yara a zaune suna Mauludi. A wannan dare Barde ya rufe bakin duk mai cewa yana da nawa. Bai jira kotu ba, bai nemi jaridar gwamnati ba, bai ba da wa'adin mako 3 ba. Ya saki na farko, waɗanda suka tsira kuma sun ce da jama'a suka taru ɗaukar 'yan'uwansu sai ya ƙara na biyu. Hukumar NEMA ta ƙirga gawa 85, ƙungiyar Amnesty ta ce sun haura 120. Allah ya jiƙansu, ya sa Annabin da suka taru dominsa ya cece su. A dubi tawali'un da ya biyo baya: fiffike, wato sojan sama, ya ce ba shi ba ne, sai hannu, wato sojan ƙasa, ya amsa cewa shi ne, aka zo ta'aziyya da ayari, aka yi alkawarin bincike. Kuma ba a kiran mutum gwani da harbi ɗaya. Sansanin 'yan gudun hijira na Rann ya shaida a Janairun 2017, makiyaya a yankin Doma ta Nasarawa sun shaida a Janairun 2023, ƙauyukan Silame ta Sakkwato sun shaida a Disambar 2024, 'yan sa-kan Tungar Kara a Zamfara sun shaida a Janairun 2025. Duk wanda ya zauna wuri ɗaya a fili, ba bindiga, ba babur, to ya sani idon Barde ba ya kuskure shi.

Ga hikima kuma, wadda sai mai zurfin tunani yake gane ta. A ƙarshen Satumbar 2021 aka ga cewa ɓarawo yana buga waya, yana hawa babur, yana sayen fetur a jarka, yana cin kasuwa. Ƙaramin mai dabara da sai ya ce a je a kama ɓarawon. Barde ya hango abin da ya fi haka: aka kashe layukan waya a Birnin Gwari da maƙwabtanta, aka hana hawa babur, aka hana sayar da mai a jarka, aka rufe kasuwannin mako. Nan take doka ta yi aiki a kan duk wanda ke bin doka. Manomi ya rasa inda zai kai masararsa, mai naƙuda ta rasa abin hawa zuwa asibiti, wanda ya hango mahara ya rasa yadda zai sanar da garin gaba. Labarin hare-hare ya ragu ƙwarai, tun da babu wayar da za a ba da shi. Kimanin wata biyu ƙasar Birnin Gwari tana cikin irin kwanciyar hankalin da ba a taɓa jin kamarsa ba a ofisoshin Kaduna.

Ba shi da ƙyashi, ba shi da kishi. Wani mai mulkin da zai ji ana karɓar haraji a ƙasarsa ba da izininsa ba, da sai ya hana kansa barci. Barde ya san arziki na Allah ne. Manomin Dogon Dawa ya biya kafin ya yi shuka, ya biya kafin ya yi girbi, wani lokaci ya je ya nome gonar mai bindiga kafin ya taɓa tasa, in an ɗauke ɗansa ya biya kuɗin fansa ya haɗa da sabon babur da katin waya. Ɗanmasanin Birnin Gwari, Alhaji Zubairu Abdurra'uf, ya faɗa a 2022 cewa abin da manoman masarautar suka biya a shekara 2 ya kai naira miliyan 400. Bayan wannan kuma manomin bai fasa biyan gwamnati nata ba, a bakin kasuwa da kan hanya. Garkuwa biyu a kan talaka ɗaya! Da 'yan Ansaru suka ga wurin da yalwa, sai su ma suka sauka a gabashin masarautar, wajajen Damari da Kuyello, suna wa'azi, suna auren 'yan mata, suna yanke hukunci, har suka hana harkar siyasa ana gab da zaɓen 2023. Gwamnan lokacin, Malam Nasiru El-Rufa'i, ya rubuta wa fadar shugaban ƙasa cewa ana kafa wata hukuma a cikin hukuma. Barde bai ji haushi ba. Shugaba nagari shi ne mai raba aiki.

A labarin Japanawa, matuƙi ne ke shiga cikin ƙarfe domin ƙarfen ya kare shi. Mu mun gyara wannan kuskure. Ƙarfe tsada gare shi, sai an yi odarsa da dala an jira shekaru. Ɗan talaka kuwa kullum ana haifarsa, a kowace unguwa, ba da ko sisin gwamnati ba. Saboda haka a wurinmu tsoka ce ke kare ƙarfe. Kurtu ne ke kwana a rami a bakin daji, da harsashi ƙirgagge da alawus ɗin da ke nan tafe tare da ƙafafun Barde. Sojoji 11 da aka kashe a Kamfanin Doka a watan Maris na 2018 'ya'yan wasu ne, mazajen wasu ne, kuma da su da ɗaruruwan irinsu sun tafi sun bar fentin Barde ba ko ƙwarzane. A gabansu kuma akwai 'yan sa-kai da bindigar harba-ka-ruga da layu a damtse, waɗanda ba a ko wahalar da akawu wajen rubuta sunayensu. Wane injiniya ne a Tokyo ya taɓa tunanin irin wannan tattali?

Lissafi kuwa ba a kama shi da ha'inci. Gwamnatin Kaduna ta riƙa fitar da rahoto ta hannun kwamishinan tsaro na lokacin, Samuel Aruwan, a gaban manyan baƙi, da jadawali mai launi. A 2020 an kashe 937, an sace 1,972. A 2021 an kashe 1,192, an sace 3,348. A 2022 an kashe 1,052, an sace 4,227. A nuna mini wata ma'aikata a ƙasar nan da alƙalumanta suke hawa haka ba tare da an yi musu ciko ba. Kuma da yake ba a raina wa ma'aikaci ladansa, abincin Barde ma hawa yake yi: naira tiriliyan 4.91 Shugaba Bola Tinubu ya gabatar wa majalisa domin tsaro a kasafin 2025. Ƙato sai da ci. Wanda ya ga ya yi yawa, to ya gwada tsayuwa wuri ɗaya shekara goma ya ji yadda take sa yunwa.

Sai ga cikar nasara. A ƙarshen Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari, aka karɓi tuban waɗanda aka ce sun tuba, aka buɗe kasuwar shanu da ta shekara kusan 10 a rufe. Manyan motoci suka dawo hanya, aka koma gonakin da suka zama kurmi, masara ta sake fita daga Dogon Dawa. Masu gajeren tunani suna cewa wai abin da jirage da tankoki suka kasa, malamai da sarakuna da dattawa sun yi shi da fatar baki a kan tabarma. Wannan zalunci ne ga Barde. Wa ya gajiyar da ɓarayin in ba shi ba? Shekara da shekaru yana barinsu suna kora, suna ƙonawa, suna karɓa, har shanun suka ƙare, ƙauyukan suka watse, aljihun talaka ya bushe, sana'ar ta daina biya. Wannan dabarar yaƙi ce da ba a koyar da ita a Jaji, sai dai a haifi mutum da ita: ka ci abokin gaba da yaƙi ta hanyar barinsa ya ƙoshi.

Saboda haka muna miƙa kuka ga Mai Martaba Sarkin Birnin Gwari, Malam Zubairu Jibril Mai Gwari na Biyu, Allah ya ƙara masa lafiya da nisan kwana, da a duba wannan bawa a naɗa masa rawani. Garkuwa ta yi masa kaɗan, Sarkin Yaƙi kuma zai sa mutane su yi masa wani zato. Fada ta fi mu sanin abin da ya dace. Zawarawan Gwaska su kawo turamen rawanin, tun da kan babba ne. Marayun Tudun Biri su riƙe masa lema. Manoman Dogon Dawa su yi karo-karon man da zai kawo shi, ai sun saba.

Kuma a yi naɗin a nan gida, kada a kai shi Abuja. A da, da mun ji tsoron gayyatarsa, domin hanyar ba ta da kyau, kuma ba ma so a ce a ƙasarmu wani abu ya sami kayan gwamnati. Yanzu kuwa an yi sulhu. A tura dattawa su shiga daji su nemo masa alfarma, a karɓo alkawari cewa ba wanda zai taɓa shi, a haɗa shi da 'yan sa-kai su yi masa rakiya daga Buruku har ƙofar fada. In sha Allahu zai zo lafiya ya koma lafiya.